Amsa ga mai son mayar da lof ɗaki don bil ɗin gas ya sauka

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in maimaita abin da na fahimta don kar mu yi ta magana a wuri biyu daban. Ka ce gidanku na layi ne a Birmingham, tsohon ginin jan bulo irin wanda bango ɗaya ya haɗa ku da maƙwabta dama da hagu, ɗakunan kwana biyu, yara sun fara girma ana son a raba maza da mata, sai wani ɗan kwangila ya zo ya ce idan aka mayar da lof, wato sararin da ke tsakanin silin da rufi, ya zama ɗaki za a sa sabon insuleshan, abin nan da ke hana ɗumi tserewa, bil ɗin gas zai faɗi sosai har aikin ya biya kansa. Kuma ka ce ka leƙa sama da tocila ka ga tsohuwar audugar insuleshan ta cika tsakanin katakon silin, daidai da tsayinsu, ba ta wuce ba.

Toh gaskiyar magana, a matsayina na wanda aikinsa kenan zanen gyaran gidaje da bin sawun magina a nan Ingila, aikin ba zai biya kansa da bil ba. Ko kusa. In ɗaki kake nema ka yi, aiki ne mai kyau kuma yana ɗaga darajar gida, amma in rage bil ne kawai damuwarka akwai hanyar da ba ta wuce 'yan ɗaruruwan fam ba, alhali mayar da lof ɗaki maganar dubun dubatar fam ake yi.

Ga lissafin, ba wuya gare shi. Akwai abin da muke cewa lambar U, ita ke nuna yawan ɗumin da ke tserewa ta kowace murabba'in mita na rufi ko bango idan ciki ya fi waje zafi da digiri ɗaya, ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Silin da babu komai a kansa lambarsa wajen 2.3 take. Mai auduga milimita 100, irin naka kenan, wajen 0.4. In aka ƙara ta kai milimita 270 kamar yadda ake ba da shawara yanzu sai ta sauko wajen 0.16. Mu ɗauka silin ɗinka murabba'in mita 40 ne, misali kawai nake yi. In ka ninka faɗin da lambar U, wanda ba shi da komai yana asarar 92, kai kana asarar 16, wanda ya cika ta 270 kuma 6 da ɗoriya.

Yanzu sai a mayar da wajen ɗaki. Iyakar ɗumin gidan ta tashi daga shimfiɗaɗɗen silin ta koma bin gangaren rufi gaba da baya, ga bangon gefe biyu masu kusurwa uku, ga doma, wato akwatin nan mai taga da ake fitarwa daga gangaren rufi, in an fitar da ita da samanta da kumatunta, kaga fatar da iska ke taɓawa ta ƙaru, ta tashi daga 40 ta koma misali 70. A cikin 70 ɗin nan ka cire 4 na tagogi. Sauran 66 sau 0.16 ya ba ka kusan 10 da rabi, tagogin kuma 4 sau lambarsu ta 1.4 sun ba ka 5.6, jimla 16 da 'yan kai. Wato ka kashe duk kuɗin nan ka dawo daidai inda ka taso. Kuma wannan in an yi aikin tsaf ne babu ha'inci, ban ma sa iskar sabon ɗakin da za a riƙa ɗumamawa ba, ban sa ruwan zafin sabon banɗaki ba in za a yi shi. Don haka abin da na fi zato shi ne bil ɗinka ya tsaya yadda yake ko ya ɗan hau.

Ɗan kwangilar ba lallai ƙarya ya shirga maka da gangan ba fa. Maganar da suke riƙewa ita ce gidan da ba shi da insuleshan yana asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗuminsa ta rufi, kuma haka ne, a irin wannan gidan daga 92 zuwa 16 ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai shi ma wancan maigidan da ya shimfiɗa auduga kawai da ya sauka zuwa 6. Akwai kuma wani abu da ke rikita mutane, takardar EPC, wadda ke ba gida maki daga A zuwa G. Ita da faɗin gida take raba kuɗin makamashi, toh in ka ƙara ɗaki mai insuleshan mai kyau makin na iya gyaruwa alhali kuɗin da ke fita daga aljihunka duk wata bai ragu ba. Ka samu ƙarin ɗaki kusan a kan bil ɗin da, wannan ita ce ribar gaskiya, kuma ba ƙarama ba ce.

In ka yanke shawarar yi, abin da nake so ka riƙe shi ne wannan ce damarka guda ta gyara rufin nan da kyau, domin da zarar an buga filasta-bod, allon da ake rufe bango da silin da shi, an shafe an yi fenti babu mai sake ganin abin da ke baya sai an fasa. Fenti da tayil ɗin banɗaki da fitilu duk ana canzawa daga baya, abin da ke bayan allon shi ne ba ya canzuwa, kuma nan ne daidai masu aikin gaggawa ke cin ribarsu.

Dokar gini ta Ingila, sashen L, wadda sabon tsarinta ya fara aiki 15 ga Yuni 2022, ta ce tsohon rufin da aka gyara ya kai 0.16, sabon ɓangare kamar saman doma 0.15, sabon bango kamar kumatun doma 0.18, taga 1.4. Sikotland da Wales suna da nasu daban. Ka lura da tagar nan, kowace murabba'in mita tata tana zubar da ɗumi kusan ninki tara na rufin da ke gefenta, don haka in madam ta ce a jera manyan tagogi huɗu don haske sai a zauna a yi shawara.

Matsalar tsofaffin gidaje irin naka ita ce rafta, wato katakon da ke bin gangaren rufi yana ɗauke da shi. Yawanci tu-bai-fo ne, zurfin milimita 100 kacal. In shimfiɗar da ke ƙarƙashin silet ɗinka, wato falayen dutsen rufin, tsohon baƙin fel ne mai kwalta wanda ba ya numfashi, dole a bar ratar milimita 50 tsakaninsa da insuleshan don iska ta riƙa shiga daga bakin rufi ta fita ta ƙololuwa, kaga saura 50 kenan. Shi kuwa allon PIR, wannan mai ruwan ɗorawa da foyil gaba da baya irin na Celotex ko Kingspan, sai an haɗa kusan milimita 150 gaba ɗaya kafin a kai lambar da doka ke so. Toh sai dai a ƙara wa raftan katako ya yi zurfi, a cusa wani a tsakani, sannan a sake shimfiɗa wani a ƙarƙashinsu gaba ɗaya ya rufe katakon, saboda katako da kansa hanya ce ta ɗumi, in ba a rufe shi ba da sanyin safiya za ka iya ganin layin kowane rafta a jikin silin. Duk wannan kuma tsayin ɗaki yake ci. Nan ne ake fara cewa maigida bari mu rage kaurin kar kai ya riƙa bugawa. Kar ka yarda a rage a baki, a koma wa mai zane ya sake lissafi. In kuwa silet ɗin dama ya tsufa za a kwashe, ka ce a sa sabuwar shimfiɗa mai numfashi, wannan yana ba da damar rage ratar, har ma a iya ɗora insuleshan a saman rafta in tsayin rufin ya ba da hali.

Amma kauri ba shi ne ke kayar da yawancin aikin da nake gani ba, yankan ne. Akwai wani gida da aka kira ni, sabon ɗaki fes, kafet mai laushi, amma yaran sun ƙi kwana ciki sai da hitar lantarki. Na buɗe 'yar ƙaramar ƙofar nan ta gajeren bango da ke kaiwa lungun bakin rufi na kutsa kai, iska ce ta fara dukan fuskata. Allunan PIR an yanka su da ido, wani gefen yatsana na shiga tsakaninsa da rafta, wani ya zame ya jingina da fel ya toshe hanyar iska, foyil ɗinsa ya yi gumi yana ɗiga. Ƙarƙashin daɓen kuma tsakanin katako da katako a buɗe yake tun daga bakin rufi na gaba har na baya, wato iskar waje tana ratsa ƙarƙashin ƙafar yaran da saman silin ɗin iyayensu, ta sanyaya ɗaki biyu lokaci guda. A takarda ɗakin ya cika doka. Allon da ya bar rata iska zagaye shi kawai take yi. Abin da ya kamata shi ne a yanka shi ya shiga da ƙyar, a cike gefe da kumfa ko salatef ɗin da aka yi don haka, a manne duk mahaɗa da salatef ɗin foyil, a kuma toshe tsakanin katakon daɓe daidai ƙarƙashin gajeren bangon. Ni na fi son a bi gangaren rufin da insuleshan har ƙasa inda ya haɗu da bango, lungun ya zama cikin ɗumi, sai ka ajiye akwatuna da Ghana-mos-go ba tare da fumfuna ta ci su ba.

Bangon da ya raba ka da maƙwabci ma a duba shi. In shi bai gyara lof ɗinsa ba, bayan bangon nan sanyi ne kamar waje, dole a yi masa insuleshan, kuma a tsofaffin gidajen layi sau da yawa za ka tarar da ramuka a jikinsa ko ma bai kai sama ba. Haka bakin bim ɗin ƙarfe da ake cusawa cikin bango, da jikin cimni.

Sai maganar laima, wadda mu ta fi shafa. Gidajenmu ana girki mai daɗewa, tukunyar tuwo da ta miya da tafasar nama, ga wanka ga alwala sau biyar, ga shanya a kan radiyeta duk hunturu saboda babu ranar busarwa, ga mu da yawa tubarkalla. Duk tururin nan sama yake hawa, sabon ɗakin shi ne ƙarshen tafiyarsa. In ya samu kafa ya shiga bayan allo ya tarar da katako mai sanyi sai ya koma ruwa, shekara kaɗan rafta ya fara ruɓa ba wanda ya sani. Shi ya sa ake sa ledar tare tururi ta ɓangaren ɗaki, a ɗinke ta ba ƙofa. Sai mai wayarin ya zo bayan kowa ya huda silin wuri takwas ya sa ƙananan fitilun nan masu shigewa ciki, ya yanke ledar ya ƙwaƙule insuleshan don fitilar ta samu wuri, shikenan an ɓata aikin. Ka ce ko dai a bar 'yar rata ta wayoyi tsakanin leda da filasta-bod, ko a sa fitilun da ke zama a fuskar silin. Banɗakin sama kuma fankar zuƙe tururi wajibi ce, mai jan lita 15 a daƙiƙa, kuma bututunta ya fita waje, ba a sake shi cikin lungun rufi ba kamar yadda na sha gani. Saman doma shi ma ka ce insuleshan ya hau kan katakon rufin a ƙarƙashin ledar ruwa, ba a cusa shi tsakanin katako ba, ya fi aminci nesa ba kusa ba.

In wani ya zo maka da maganar kumfar feshi da ake fesawa a ƙarƙashin rufi, ka ce masa ka gode. Tana ɓoye katako ba a ganin halin da yake ciki, kuma akwai bankuna da dama da ke ƙin ba da mogej, wato bashin sayen gida, a kan gidan da aka yi wa, ranar sayarwa ko sabunta bashi za ka ga ta kanka.

Abin da kusan babu mai tambayata sai an gama shi ne zafi. Kowa sanyi yake tunawa da an ce Ingila, amma ranar 19 ga Yuli 2022 an auna digiri 40.3 a Coningsby da ke Lincolnshire, kuma ba sai an kai haka ba ɗakin sama ke zama abin da yake zama. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano marar silin a watan Afrilu a gida ya san abin da nake nufi, baƙin silet ya sha rana tun safe, ɗumin gidan gaba ɗaya ya hau ta matakala ya taru. Sashen dokar da ya shafi zafi, wato O, sababbin gidaje kawai ya kama, bai shafi irin aikinka ba, don haka ba sufeton da zai tilasta, kai za ka nema wa kanka. In ba haka ba ka sayi na'urar sanyaya ɗaki, abin da ka tara a hunturu ya tafi a wutar lantarki. Manyan tagogi su kalli arewa ko gabas in da hali, wadda ta kalli kudu ko yamma a sa mata labulen waje, don labulen ciki sai rana ta riga ta ratsa gilashi yake tare ta, kamfanin tagogin rufi na Velux suna da na waje da ke hawa kan tagoginsu. A samu taga gaba da baya iska ta ratsa da daddare. Akwai kuma insuleshan na zaruruwan katako da aka matse, yana da nauyi, yana jinkirta shigar zafin rana fiye da PIR, illarsa sai ya yi kauri sosai kafin ya kai lamba ɗaya, a gida mai gajeren rufi ba ya yiwuwa.

Wajen ɗumamawa, in akwai tankin ruwa a lof dole ya tashi, yawanci a nan ake komawa kombi boila, mai dafa ruwa nan take ba tanki, ko silinda mai matsi, tulun ruwan zafin da ba ya buƙatar tankin sama, ka sa wannan a lissafi tun farko kar ya zo maka a tsakiyar aiki. Radiyetan sabon ɗakin a sa babba mai kan daidaita zafi, babba yana ba ka damar rage zafin ruwan boila zuwa 55 ko 60 wanda a nan boilar zamani ta fi tsimin gas, kuma in wata rana ka koma famfon ɗumi, na'urar lantarkin da ke jawo ɗumi daga waje a madadin boila, ba sai an canza ba. A sa ƙofa a matakalar, ana rufewa. Sannan tunda sikafo, ƙarafan da magina ke hawa, na tsaye, ka tambayi kuɗin sola a lokacin, ka kuma tuna in gangaren da ya kalli kudu shi ne na baya, babbar doma za ta cinye wajen da faifan za su zauna.

Takardu kuma a gurguje. Gidan layi a Ingila yana iya ƙara har kubik mita 40 a rufi ba tare da neman izinin gini ba, gidan da ke tsaye shi kaɗai ko mai maƙwabci ɗaya 50, da sharaɗin kar a wuce ƙololuwar rufin, kar kuma a fitar da doma ta fuskar titi. Fulat ba ya cikin wannan, unguwannin tarihi da aka keɓe ma haka, ka tambayi kansul. Amma amincewar sufeton dokar gini babu makawa ko da ba ka buƙaci izinin ba, shi zai duba ƙarfin daɓe, da ƙofofin tare gobara a hanyar matakala har ƙofar fita, da ƙararrawar hayaƙi a kowane hawa, da tsayin mita 2 a saman matakala wanda ake ɗan sassautawa zuwa 1.9 a tsakiya. Maƙwabta kuma dokar bangon haɗaka ta 1996 ta ce a ba su sanarwa a rubuce wata biyu kafin a taɓa bangon, ka shiga da kanka ka gaishe su kafin takarda ta isa, yana rage rigima. In ka ga kashin jemage a sama ka tsaya tukuna, doka na kare su, sai an kira masu dubawa.

Ka sa a rubuta cikin yarjejeniya irin insuleshan da kaurinsa a kowane ɓangare, ba kawai a ce za a bi doka ba. Ka ce ba za a buga filasta-bod ba sai sufeto ya gani kai ma ka gani, ranar ka ɗauki hutu ka hau da tocila da awo, ka ɗauki hoton ko'ina, ka bi gefen alluna da hannu. Kuɗin ƙarshe kuma ya zauna a hannunka sai takardar kammalawa ta fito daga sufeto, ba tare da ita ba ɗakin ba ya ƙirguwa a matsayin ɗakin kwana ranar sayarwa.

In kuma ka duba aljihu ka ga ba bana ba, ka sayi auduga ka ɗora milimita 170 a kan wadda ke nan, a gicciye da ta ƙasa, kar ka danne ta da kaya, kar ka toshe iskar bakin rufi, kar ka sa a ƙarƙashin tanki amma ka naɗe tankin da fayif ɗinsa, ka manna roba a bakin ƙofar lof ɗin ka liƙa mata allo a baya. Aikin yini ɗaya ne da safar hannu da takunkumi. Bayan wannan abin da ya rage maka babba shi ne bango, don gidan wancan zamanin bulo ne zalla ba rata a tsakiya, nan ɗumin ya fi fita yanzu, amma wannan wata maganar ce mai tsawo.

Kafin ka sake kiran kowa ka hau ka auna daga saman katakon silin zuwa ƙasan katakon ƙololuwa. In bai kai mita 2.2 ba, bayan an ɗaga daɓe an saukar da insuleshan ba za a samu wajen tsayuwa ba sai an sauke silin ɗin ɗakunan ƙasa, kuɗin ya canza gaba ɗaya. Ka turo min awon da hoton ƙarƙashin silet ɗin in ga ko akwai fel, da wane iri ne.